Yadda Muka Kai Iyali Baje Kolin Zane-zane a Abuja, Muka Ci Abincin Rana a Wurin

Na rubuta wannan bayani ne saboda iyalan da ɗansu ko 'yarsu ke sana'ar zane, aka gayyace su baje koli a ɗaya daga cikin gidajen zane-zanen Abuja, suna kuma so su haɗa ziyarar da cin abincin rana a gidan abincin da ke cikin harabar wurin. Daga nesa abin yana kama da ƙaramar hidima, amma wanda bai saba shiga irin waɗannan gidaje ba zai tarar da ƙa'idoji da kuɗaɗen da babu mai faɗa masa su sai ya tambaya. Ɗiyar yayana ce aka sa ayyukanta cikin wani baje koli na matasan masu zane a wani gida da ke Wuse II, bayan ta kammala karatu a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Da yake ni ce ke zaune a Abuja, a Kubwa, Yaya ya ɗora mini nauyin shirya zuwan iyali, kuma burinsa ɗaya ne, wato mahaifiyarmu, wadda muke kira Hajiya, ta ga aikin jikarta a rataye da idonta, sannan a zauna a ci abinci tare kafin kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fara rikita mutanen gida shi ne katin gayyatar. Ya zo ta WhatsApp da rana guda da ƙarfe biyar na yamma a rubuce da manyan baƙaƙe, a can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an sa ranar da za a rufe. Kowa ya ɗauka cewa ranar farkon nan ita kaɗai ce, wanda ya rasa ta ya rasa komai, har Yaya ya fara lissafin motocin da za su ɗauko mutane daga Zariya. Da na kira ɗiyar tamu sai ta warware mini. Ranar farko bikin buɗewa ne, taron masu saye da 'yan jarida da manyan baƙi, a tsaye ake yin sa, kujeru kaɗan ne, akwai jawabai da kiɗa, kuma ana zagayawa da abin sha a faranti wanda wani namu ne wani ba namu ba. Ban da haka, mutum biyu kacal aka yarda kowane mai zane ya ba da sunayensu a ƙofa. Ta ce mini, "Gwaggo, don Allah kada a kawo Hajiya ranar nan. Ba zan samu sukunin tsayawa da ita ba, kuma hayaniyar za ta dame ta. Ayyukan suna nan a rataye har makonni uku, shiga kuma kyauta ne." A kan haka muka tsayar da Asabar ɗin mako na biyu, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, domin a gama kallo a yi sallar Azahar a zauna cin abinci. Ni da mahaifinta muka halarci buɗewar, na kuma tabbatar da duk abin da ta faɗa.

Lambar wayar da ke jikin katin ba ta biya mini buƙata ba, domin wadda ta ɗauka ta ce a zo kawai, babu matsala. Mutum goma sha biyar, da tsohuwa mai ciwon gwiwa da yara huɗu a ciki, ba a shirya musu da wannan amsa, saboda haka na tashi daga ofis da wuri wata Laraba na je da ƙafata. A bakin ƙofa maigadi ya duba bayan mota ya ba ni kati, a ciki kuma na sa hannu a littafin baƙi. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta saurare ni da ladabi, ta ce babu kuɗin shiga ko mu nawa ne, amma idan taro ya wuce mutum goma suna so a sanar da mai tsara baje kolin tun da wuri, don kada a haɗu da ɗaliban wata makaranta a lokaci guda. Ta rubuta ranar da sunana a wani littafi daban. Daga nan ta lissafa mini dokokinsu: ba a taɓa zane ko firam ɗinsa, ba a shiga zauren da abinci ko ruwa, ana ɗaukar hoto da waya amma ban da filashi, manyan jakunkuna a bar su a mota, yara kuma a riƙe hannunsu. Na tambayi zancen bene, ta nuna mini matakala mai tsawo, ta ce babu lifta. Allah ya taimake mu ayyukan ɗiyar tamu duka a ƙasa suke, kuma ta yi alkawarin ajiye wa Hajiya kujera a gabansu.

Da na kawo maganar tebur a gidan abinci sai ta ce wannan ba a hannunsu yake ba. A nan ne na fahimci abin da ya fi komai muhimmanci a wannan hidima. Gidan zanen da gidan abincin suna harabar guda, sunansu a allo ɗaya yake, amma masu su daban ne, ma'aikatansu daban, asusun bankinsu daban. Kamar gidan gandu ne da aka raba tukunya, ƙofar shiga ɗaya, kowa da murhunsa. Duk alkawarin da aka yi maka a ɓangaren zane bai hau kan masu abinci ba, kuma kasancewar 'yarka tana cikin masu baje koli bai ba ka ragin ko sisi a kan farantin shinkafa ba. Ɗiyar tamu kanta ba ta san haka ba, ta ɗauka cewa tun da ita baƙuwar gidan ce, magana ɗaya za ta wadatar.

Na tsallaka lambu zuwa gidan abincin, aka ce manaja ya fita kasuwa. Na jira shi fiye da awa guda, domin masu kawo abinci sun ce ba su da ikon karɓar tanadin tebur na mutane da yawa. Da ya dawo sai na tarar mutumin Filato ne mai jin Hausa sosai, abin da ya sauƙaƙa mana magana ƙwarai. Ya ce taro irin namu hanya biyu ce. Ko kowa ya zaɓi abin da yake so daga takardar jerin abinci a ranar, wanda zai sa a daɗe ana jira tun da kicin ɗinsu ƙarami ne, ko kuma a zaɓi abinci kala uku tun yanzu a ƙayyade kuɗin kowane mutum. Na ɗauki ta biyu. Muka daidaita a kan naira 16,000 ga babba, naira 9,000 ga yaro, ban da abin sha. Muka zaɓi dafa-duka da gasasshiyar kaza, soyayyar shinkafa da kifi, sai farar shinkafa da miya da naman rago, tare da farfesun kayan ciki a matsayin abin buɗe baki. Sai na yi masa tambayar da nake roƙon kowa ya yi: wannan kuɗin shi ke nan, ko akwai wani abu a kansa? Ya ce akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da kuɗin hidima na kashi 10. Harajin na gwamnati ne, an ɗaga shi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, kuɗin hidima kuwa tsarin gidan ne. A takardar jerin abincin an rubuta wannan a ƙasan shafi na ƙarshe da baƙaƙen da sai mutum ya sa tabarau zai gani. Ya nemi kafin alƙalami na naira 100,000, na tura ta waya, na kuma tsaya har ya rubuta mini rasit mai hatimi ɗauke da rana da lokaci da yawan mutane da wurin da za mu zauna, wato rumfar da ke cikin lambu.

Kafin in tashi na yi masa tambayoyin da na san dattawanmu za su yi mini. Ya ce namansu daga mahautan kasuwa suke sayowa, yankan Musulmi ne, kuma ba su dafa naman alade a gidan kwata-kwata. Amma ya faɗa mini gaskiya cewa suna sayar da giya, akwai kanta a ɗakin ciki, kuma wasu miyoyin abincin Turawa akan zuba musu giyar inabi wajen dahuwa, saboda haka mu tsaya kan abin da muka zaɓa. Shi ne ma ya ja hankalina kan lemon da ake kira Chapman, wanda yara da mata ke so saboda jan kalarsa. Mutane da yawa sun ɗauke shi lemo zalla, alhali a yadda aka saba haɗa shi akan ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci mai suna Angostura, wanda akwai barasa a cikinsa. Ya ce duk mai so ya faɗa a haɗa masa ban da shi. Na yaba masa da wannan gaskiya, muka tsaya kan zoɓo da lemon kwalba da ruwa. Hajiya tana da hawan jini, ba ta cin yaji ko gishiri da yawa, kuma shinkafa ba ta dame ta ba. Ba su yin tuwo, amma ya yarda mu shigo mata da nata a kula daga gida ba tare da an biya komai ba, duk da cewa dokarsu ita ce a biya naira 5,000 a kan duk abin ci da aka shigo da shi daga waje, ko da kek ne. Da na koma gida na rubuta duk abin da muka yi magana a kai a saƙo guda na tura masa ta WhatsApp, na roƙe shi ya amsa da cewa haka ne, ya kuwa amsa.

Saura shirin gida. Baffa, ƙanin mahaifinmu, malami ne kuma shi ne babba a dangi yanzu. Da Yaya ya kai masa gayyata sai ya kira ni ya ce, "Ke da kika je kika gani, faɗa mini tsakani da Allah, akwai mutum-mutumi da hotunan mutane a wurin?" Na ce masa, "Akwai, Baffa. Ayyukan ɗiyarku gine-gine ne da zanen bango, babu mai rai a ciki, amma na abokan baje kolinta akwai fuskokin mutane, akwai sassaƙe-sassaƙe, kuma a saman bene akwai guda biyu da ba za ku so gani ba." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce zai zo ya ga na jikarsa ya sa albarka, daga nan ya fita lambu ya jira mu. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace da dattawa. Ɓoye musu abin da ke wurin don kada su ƙi zuwa rashin mutunta su ne, kuma idan suka gani da idonsu ba tare da shiri ba, ranar gaba ɗaya ce za ta lalace. Wajen tafiya kuwa, saboda gwiwar Hajiya muka zaɓi jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Kubwa, wanda ya fara aiki tun 2016. Tikitin a intanet ake saye, kuma kowane babba sai da lambarsa ta NIN, don haka a tattara lambobin mutane tun da wuri, a kuma saya da zarar an buɗe sayarwa, saboda kujerun ƙarshen mako ba su daɗewa. Ranar Juma'a da yamma suka iso suka kwana a wurina.

Ranar Asabar muka isa kafin lokaci, abin da ya taimaka wajen samun wurin ajiye motoci uku a cikin harabar, domin zuwa tsakar rana wurin ya cika har waɗansu suna ajiyewa a bakin titi. Mai tsara baje kolin ya fito da kansa ya tarbe mu, ya durƙusa ya gaida Hajiya da Baffa, sannan ya ɗan yi mana bayani. Ya ce yawancin matasan da ke baje kolin daga Zariya suka fito, kuma wannan ba sabon abu ba ne, domin tun 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa bai kamata ɗan Najeriya ya tsaya kwaikwayon zanen Turawa kawai ba, ya koma ya ɗebo daga abin da ya gada a gida ya haɗa da abin da ya koya a aji. Daga nan ya bar mu da ɗiyar tamu.

Ayyukanta huɗu ne, manya biyu ƙanana biyu, da jan ƙasa da shuni da fari ta yi su. Mafi girma a ciki zanen cikin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ne, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da bakan gizonsa da ke tasowa daga ginshiƙai su haɗu a sama. Na biyu gaban wani gida ne na cikin birni, da zaure da zankwaye da dagi a saman ƙofa. Aka zaunar da Hajiya a gaban wannan. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ɗaga sandarta daga nesa ta ce, "Ina indararon? Soron da ba shi da indararo ai damina ɗaya zai yi." Yarinyar ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Ga shi can ta gefen hagu, Hajiya, inuwa ce ta rufe shi." Hajiya ta ƙura ido har ta gano shi, ta gyaɗa kai, sai ta shiga ba jikokinta labarin yadda ake jiƙa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita, da yadda ake jera azara a rufin ɗaki, da yadda magina ke zana gaban gida da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Har mai tsara baje kolin ya dawo ya tsaya yana saurare. Na ga Yaya ya juya yana share ido, domin shi ne ya daɗe yana jin zafin masu cewa ya bar 'yarsa ta karanta abin da ba ya kawo abinci. Baffa ya kalli zanen masallacin sosai, ya ce ya yi sallah a ciki tun yana almajiri, ya sa mata albarka ya fita lambu kamar yadda ya faɗa.

A wani ɓangare na zauren akwai tukwane da randuna na wata matashiya mai ginin tukwane. Ɗiyar tamu ta ce wa yaran su nemo takardar naira ashirin, aka samu a jakar matar Yaya, ta juya bayanta ta nuna musu hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ta gaya musu cewa 'yar garin Kwali ce, nan cikin yankin Abuja, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954 a tsohuwar Abuja da yanzu ake kira Suleja, tukwanenta suka zagaya Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Yaran sun fi natsuwa a nan fiye da ko'ina. Su ne ma suka tambayi ma'anar jan ɗigon da aka manna a gefen wasu ayyuka, aka ce musu alama ce ta an riga an saya.

Wajen ƙarfe ɗaya saura muka nufi gidan abinci, a nan ne kuma abin da nake tsoro ya faru. Rumfar lambun da aka rubuta mana a rasit, sai muka tarar an ƙawata ta da balan-balan, wasu suna bikin zagayowar ranar haihuwa a ciki. Manajan da muka yi magana da shi ba ya aiki da safiyar Asabar, wanda ke riƙe da wurin kuma ya duba littafinsa ya ce bai ga sunanmu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga dattawa a tsaye a bayana, amma ban ɗaga murya ba. Na fito da rasit mai hatimi, na nuna masa saƙon WhatsApp da amsar manaja. Nan take fuskarsa ta sauya, ya kira manajan a waya, ya dawo yana cewa, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe, laifin daga wajenmu ne." Ya ce zai haɗa mana tebura a ɗakin ciki, na ce ba zan zaunar da Baffa da Hajiya kusa da kantar giya ba, kuma wannan yana cikin abin da aka yi mini alkawari a rubuce. Daga ƙarshe suka share wata baranda ta gefen ginin mai iska da inuwar itatuwa, suka fara jera tebura. Muka yi amfani da lokacin jiran muka yi sallah. Maza suka taka zuwa wani masallaci da maigadi ya nuna musu a bayan layin, mu mata kuma yarinyar teburin baƙi ta buɗe mana wani ƙaramin ofis. Wurin ba shi da ɗakin sallah, don haka dardumai da butar da na sa a mota sun yi amfani.

Da muka dawo an gama shiri. Abincin da aka zaɓa tun farko bai ɗauki minti ashirin ba ya sauka gaba ɗaya, da zafinsa. Farfesun ya yi daɗi, kazar ta gasu har ciki, kifin kuwa yaji ya ɗan yi masa yawa ga yara. Samari biyu da suka ga takardar jerin abinci suka sauya ra'ayi suka nemi taliyar Turawa, sai da kowa ya kusa gamawa tasu ta iso, kuma kuɗinta daban aka rubuta, Yaya ya ce su biya daga aljihunsu. Aka kawo wa Hajiya faranti da cokali da ruwan wanke hannu ba tare da mun roƙa ba, aka juye mata tuwon shinkafarta da miyar kuka. Ta sa jikarta ta zauna a gefenta, tana ci tana tambayarta ko wata nawa kowane zane ya ci, da inda take samo shunin. Baffa ya yi doguwar addu'a a ƙarshe, har masu kawo abinci suka tsaya suka shafa.

Takardar kuɗi ta zo kamar haka. Manya goma sha ɗaya naira 176,000, yara huɗu naira 36,000, abin sha naira 38,000, jimla naira 250,000. Aka ɗora harajin VAT naira 18,750 da kuɗin hidima naira 25,000, ya zama naira 293,750. Na karanta ta layi bayan layi, na lura ba a cire kafin alƙalamin ba, na sake nuna rasit, aka cire, saura naira 193,750. Na'urar POS ɗinsu ta ƙi karɓar kati saboda matsalar sabis, na tura ta waya, muka jira kusan minti goma sha biyar kafin alat ya shigar musu. Farashi yana motsi a ƙasar nan kusan kowane wata, don haka kada mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, ya riƙe dai cewa abin da zai biya zai ɗara abin da aka faɗa masa da kusan kashi 18 cikin ɗari idan bai tambaya ba. Na ba waɗanda suka yi mana hidima ɗan ihsani a hannu duk da kuɗin hidimar da aka ɗora mana, saboda sun ɗauki tebura da kujeru a guje don gyara kuskuren da ba su suka yi ba.

Bayan cin abinci Yaya ya ja ni gefe ya ce yana so ya saya wa Hajiya zanen gidan nan mai indararo, amma a bari a rufe baje kolin ya ba 'yarsa kuɗin a gida, tun da ya ji gidan zanen na cire la'ada. Da yarinyar ta ji sai ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, na sa hannu a yarjejeniya. Duk abin da aka rataya a nan ta hannunsu za a sayar, su cire kashi 30. Su suka biya wuta da talla da buga kundin baje koli, su suka kawo masu saye. Idan na zagaya ta baya na ci amana, kuma babu gidan da zai sake gayyata ta." Yaya ya yarda da maganarta, muka koma teburin baƙi. Farashin naira 350,000 ne kamar yadda yake a takardar farashi, aka ba shi lambar asusun gidan zanen, wadda ba ita ce ta gidan abinci ba, ya biya, aka rubuta masa rasit, aka manna jan ɗigo a gefen zanen a gabanmu. Amma ba a ba mu shi ranar ba, domin dokar ita ce komai ya zauna a bango har ranar rufewa. Ƙanin maigidana da ke zaune a Ingila ya sayi ƙaramar tukunya, shi kuma aka ja hankalinsa cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba, saboda haka ya riƙe takardar da ke nuna sunan wadda ta gina tukunyar da shekarar da aka gina ta, ya kuma nemi takardar shaida daga hukumar kafin ya je filin jirgi.

Ga wanda zai yi irin wannan hidima, abin da na gani shi ne zuwa da ƙafa kafin ranar ya fi kiran waya nesa ba kusa ba, kuma a yi magana da ɓangarorin biyu kowanne daban. A nemi manaja da kansa, a karɓi rasit mai hatimi da aka rubuta wurin zama a jikinsa, a tura saƙon da ya tattara duk alkawuran, sannan ana gobe a sake kira a tambaya ko wanda zai riƙe wurin a ranar ya san da zuwanku, a karɓi lambarsa. A zaɓi abinci tun da wuri a kuma roƙi matasa su tsaya a kansa. A duba matakala da banɗaki da idon tsohon da za a kawo, a tanadi wurin sallah, a tsara lokaci yadda Azahar za ta faɗo tsakanin kallo da cin abinci. Kallon kansa kada a gaggauta shi. Awa ɗaya da rabi muka ba shi, kuma rabin wannan lokaci a gaban zane guda ya tafi, wanda a wurina shi ne dalilin tafiyar gaba ɗaya.

Bayan an rufe baje kolin aka kira ni in zo in karɓi zanen. Suka nemi rasit na asali da katin shaidata, da saƙo daga Yaya cewa ya wakilta ni, tun da sunansa ne a rasit ɗin. Aka ba ni takardar shaidar aikin mai ɗauke da sa hannun mai zanen da girman zanen da kayan da aka yi shi da su, aka naɗe shi da leda mai kumfa da kwali, aka gargaɗe ni kada a kwantar da shi a ƙarƙashin kaya ko a bar shi cikin mota a rana. A tsaye a bayan kujerar direba aka kai shi Zariya. Kuɗin ɗiyar tamu, na wannan da na wani ƙarami da wani baƙo ya saya ranar buɗewa, ya shiga asusunta bayan kimanin wata guda kamar yadda yarjejeniyar ta tanada, an cire la'adar gidan, ta biya kasonta na hayar ɗakin aikin da suke haɗaka da abokanta a Samaru, ta sayi fenti da kyallen zane na aiki na gaba.